In Kunne Ya Ji

Kakana Merv rabin kunne gare shi a dama,
sauran ya baro wa likita a Townsville, wata Talata.
In ka tambaye shi sai ya ce kada ne ya gatsa,
ya yi dariya, ya gyara zaman malafa.
Ba kada ba ne. Rana ce.

Shekara arba'in yana tsinkar mangwaro a Bowen,
ba riga, ba hula, ƙeya a buɗe,
yana cewa fatarsa ta zama ƙirgi,
rana ta san shi, shi ma ya san ta.
Ashe ita rubutawa take, kullum layi guda,
a doron hanci, a bayan wuya, a gefen leɓe,
kamar mai kanti da littafin bashi.
Ba ta taɓa aiko yaro karɓa ba,
sai da ya yi furfura ta zo da kanta:
ɗan tabo, bai kai ƙwayar wake ba,
ya yi ɓawo, ya faɗi, ya sake yi, ya ƙi warkewa.

Tun daga nan ya zama mai gadin ƙofa.
Ba mai fita sai ya bi ta gabansa,
kwalbar man kariya mai lamba hamsin a cinya,
da cokalin shayin da ya sato wa kakata.
"Narelle, dawo. Wannan ba turare ba ne da za ki ɗiga.
Cokali guda na fuska da wuya da kunnuwa,
guda kowane hannu, guda kowace ƙafa,
guda gaba, guda baya. Nawa ke nan?"
Bakwai, Kaka. Ina faɗa ina harara.

Sai ya ajiye agogo kan teburi.
"Minti ashirin. Bari fata ta sha tukuna."
Ƙawayena na waje suna kaɗa ƙararrawar keke,
teku na can tana kirana da suna,
ni kuwa ga ni zaune, fara fat kamar an tsoma ni a kindirmo.

Ran da hadari ya haɗo na ce yau na huta.
Ya ce, "Gajimare rariya ce, ba bango ba."
Na fito daga ruwa, na goge da tawul,
ya ce, "Kin goge ruwa, kin goge mai. Sake."
Awa biyu in ta cika, ko gumi ya tsiyaya, sake.
Kwalbar da ta wuni a mota ta dahu,
da wadda kwananta ya ƙare,
duk ya zuba a shara, bai ko waiwaya ba.

Ina shekara goma sha shida na zille ta taga.
Wuni guda a bakin teku, ba mai, ba malafa.
Da dare kafaɗuna suka yi ja kamar gauta,
saman ƙafafu ya ɗuri ruwa, takalmi ya gagara,
zanin gado ma ya zame mini ƙaya.
Jiki ya fi kunne ji.
Na jira faɗa, faɗa bai zo ba.
Ya shigo da tsumma mai sanyi, ya zauna,
ya kama yatsana ya ɗora inda kunnensa ya ƙare.
Wurin santsi, ba gashi, kamar bakin kofi.
Bai ce uffan ba.

Bana hannunsa rawa yake, cokalin ba ya tsayuwa.
Ni ke shafa masa kafin mu fita duba gona:
goshi, sanƙo, bayan hannu mai dabbare-dabbare,
da ƙeyar nan da ta ci bashin shekara arba'in.
In na zo kan kunnen dama nakan sassauta,
shi kuwa sai ya riƙe mini hannu.
"Kada ki yi mini rowa, yarinya.
Kunnen ne rabi, cokalin a cike."